Ba Kowa Ba Ne

Shekarar da aka rufe makarantu aka mayar da karatunmu cikin waya, ina aji uku a jami'a a Wudil, ina kuma ɗauke da wani kwas da ya kayar da ni a shekarar da ta gabata. Idan ya sake kayar da ni, 'yan ajinmu za su wuce su bar ni. Tsoron nan ne ya hana ni komawa gida Utai lokacin da kowa ya tattara ya tafi. A gidanmu sai ka hau katanga kake samun sabis, shi ma in ya ga dama. Sai na zauna a ɗakin da nake haya a cikin gari, daga ni sai tabarma da waya.

Ba yabon kai ba, na iya karatun nan. Abokaina da yawa sukan buɗe aji su jefa wayar a aljihu su hau babur, wani ma yana kwance har minsharinsa muke ji. Ni kuwa nakan yi wanka in sa riga kamar mai fita, in karɓo wayata daga mai caji tun da sassafe, in jingine ta a kan taga, a ɗan gurbin da sabis ba ya rawa. Duk abin da malami ya faɗa sai na rubuta da biro. Amma fa na zama masifaffe. Na yi faɗa da mai injin markaɗe, na yi da matan gidan saboda daka, har akuyar maƙwabta ta san ni. A ƙarshe na rubuta takarda da manyan baƙaƙe na liƙa a ƙofa: INA AJI, KADA A BUGA.

Malamin kwas ɗin, wani dattijo mai tsauri, ya ce kowa zai yi bayanin aikinsa na minti goma a gaban aji, kuma wanda sabis ya yanke masa, shi ke nan, ba a maimaitawa. Nawa ya faɗo ranar Juma'a da hantsi, ranar kasuwar Wudil. Na kulle ƙofa, na sa iyafis, abin sauraren waya, a kunne, na fara. Bakina ya buɗe yadda ban zata ba. Ina tsakiyar bayani sai na ji daga waje:

"Salamu alaikum."

Muryar Baba ce. Bai gaya mini zai shigo kasuwa ba, dama ba ya faɗa. Takardar da ke ƙofa kuwa ba ta ce masa komai ba, shi da ajami kawai yake karantawa. Na ci gaba da magana. Ya sake sallama, da ɗan ƙarfi. Wayata ta ɗauka, sai na ji 'yan aji a cikin kunnena, kusan su duka, suna cewa wa'alaikumus salam, wasu na dariya. Mutum wajen arba'in suka amsa wa Baba sallama, shi ko ɗaya bai ji ba.

Da ya yi ta uku, Malam ya bar Turanci ya ce, "Kai, wa ke maka sallama haka? Je ka amsa, ma jira ka."

Na ce, "Ba kowa ba ne, Malam."

Da ƙarfi na faɗa, kamar yadda mai abu a kunne yake magana bai san yana ɗaga murya ba. Ƙofar kuwa ta langa-langa ce, ko tari ka yi ana ji a waje. Sallamar ba ta sake zuwa ba. Sai ƙarar takalminsa na ji yana tafiya.

Na daɗe ina gaya wa kaina tsoron sabis ne, wai in na tashi wayar za ta motsa. Akwai wannan. Amma kyamara a buɗe take, kuma na san tsohuwar rigar da Baba yake zuwa kasuwa da ita. Wallahi har yau ba zan iya rantsewa babu kunyar hakan a ciki ba, kuma wannan ne yake ci mini rai.

Da na gama na buɗe ƙofa, na tarar da rabin buhun gero da ƙullin daddawa a jingine. Na ruga kara inda ake cinikin dabbobi, na zaga tasha, ban gan shi ba. Na kira wayarsa. Ya gaishe ni tsaf, ya gajiya, ya karatu, ya mutanen gidan, sannan ya ce, "Ai na kama hanya. Allah ya ba da sa'a." Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, sai na ji nauyi. Shi bai tayar da maganar ba, ni a wa zan tayar? Na ce amin.

Na ci kwas ɗin, da maki mafi yawa a ajin. Baba ya sa mini albarka da na kai masa labari. Amma bai sake taka ƙofar ɗakina ba har na gama makaranta. In ya shigo kasuwa sai ya kira daga tasha ya ce, "Ko kana aji?" In na ce a'a, ya ce to in zo in karɓi saƙo. Ni kuma, shashasha, na ɗauka tsufa ne ya sa ba ya son ƙarasowa.

Bayan rasuwarsa da wata biyu, ina zaune da Inna tana tsince wake, na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ya taɓa yi mata maganar ranar nan. Ta ce ta tuna, don ya dawo da wuri bai ko tsaya sallar Juma'a a Wudil ba. Ta tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau, yaron yana karatu sosai. Da yamma ya tara ƙannena da yayyena ya ce daga yau kada wanda ya sake zuwa ɗakina, ko da ya shigo gari, a bar ni in yi abin da ya kai ni.

Ni kuwa da na ga 'yan gidanmu sun daina leƙo ni, duk tsawon lokacin nan murna nake yi na samu shiru.