Ranar da Injin Saleh Ya Yi Shiru

Saleh Ɗangoggo ya sauka Abuja da jakar leda da kilifar aski ɗaya, a shekarun da farar hula suka karɓi mulki, lokacin da duk inda ka waiwaya gini ne ke tashi. Ya kama shagon aski a Karmo, a wani layi mai rufin kwano ɗaya, tsakanin Magdalene mai ɗinki da Thaddeus mai gyaran waya. Wuta a Karmo baƙuwa ce, ta leƙo ta gaishe ku ta wuce, don haka bayan kujera da madubi sai ya sayi ɗan janareta, ya girke shi a bakin ƙofa ɗaure da sarƙa saboda masu ɗan hali.

Injin nan ya ciyar da Saleh, ya yi masa aure, ya kai 'yarsa Yusra makaranta, kuma shi ya cinye masa kunnuwa. A hankali abin ya zo, har ta kai in ba ihu ka yi ba, leɓenka kawai yake gani yana motsi. Saleh kuwa mutum ne mai son girma, da a ce masa kurma gara a ce masa ɓarawo. Sai ya koyi karatun fuska a madubi. In wanda ake yi wa aski ya ɗaure fuska, Saleh ya girgiza kai ya ce subhanallahi. In haƙora suka bayyana, ya tuntsire da dariya. In an tambaye shi abin da ke buƙatar amsa, ya nuna bakin ƙofa ya ce a ɗaga murya, wannan injin ba ya barin mutum ya ji. A gida babu matsala, don matarsa Zulai dama da ƙarfin murya Allah ya yi ta.

Da haka ya yi suna a matsayin mai riƙon sirri. Mutane suna zama a kujerarsa su amayar da cikinsu, ba a taɓa jin maganar ta fita ba. Har wani babban ma'aikaci a ma'aikatar tarayya, Alhaji Manniru, yana barin shagunan Wuse masu iyakwandishan ya tuƙo mota cikin ramukan Karmo don Saleh ya aske shi. Wannan suna ya fi komai daɗi a wajen Saleh, yana tafiya da shi kamar sabuwar riga.

Sai ga sola, wato wutar hasken rana. Da farko a kan rufin manyan gidaje ake hango ta, daga baya ta hau fitilun titi, ta shiga masallatai, ta gangaro har wajen masu cajin waya. Da fetur ya yi tsada, 'yan layin su Saleh suka yi taro, Thaddeus ya kawo shawarar a shimfiɗa farantan sola a kan kwanonsu baki ɗaya. Kowa ya yi na'am, ban da mutum ɗaya.

Saleh ya tashi haiƙan. Ya ce wutar rana tana da zafi, in ta shiga kilifa tana kawo sanƙo. Ya ce ya san wani a Orozo da aka aske da ita, har yau kansa bai sake tsiro ba. Da aka tambaye shi sunan mutumin, ya nuna bakin ƙofa. Ba wanda ya saurare shi, aka kafa faranti, aka ja waya har cikin shagonsa, injinan layin suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na Saleh kaɗai ya ci gaba da kuka daga safe zuwa magariba, Magdalene tana toshe hanci tana Allah ya isa.

Thaddeus ne ya tona asirin. Wata rana ya sunkuya ɗaukar sukudireba, ya ga injin yana ta ruri amma babu waya ko ɗaya a jikinsa. Kilifar Saleh a sola take aiki.

"Oga Saleh," ya ce da iya ƙarfinsa, "wannan gen naka ba ta haɗa da komai. Kana ƙone fetur for nothing?"

"Ɗumama shi nake yi kada ya yi tsatsa," in ji Saleh, ko kunya babu.

'Yan layi ba su karɓi wannan bayani ba. Suka yanke cewa ko inji ya bar layin, ko mai shi. Ranar Asabar aka kwance sarƙa, aka tura injin ƙarƙashin benci, shagon ya yi tsit. Saleh ya ji tsoron da bai taɓa ji ba tun zuwansa Abuja, don yau babu abin da zai nuna.

Kamar an aiko shi, Alhaji Manniru ya shigo, ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle. Ya fara magana a hankali, ya yi tambaya, ya jira. Saleh ya duba madubi, fuskar ba ta ɗaure ba kuma ba ta saki ba. Ya kashe kilifa.

"Alhaji, ka yi haƙuri," ya ce. "Ban ji ba. Gaskiya na daɗe ba na ji."

Alhaji Manniru ya jawo shi kusa, ya sa baki a kunnensa.

"Haba Saleh, ai duk Karmo an sani. Kana tsammanin don iya askinka nake baro Wuse? Shafa ƙeyata ka ji. Kai kaɗai ne a garin nan zan faɗa wa komai in kwana lafiya."

Maganar ta soki Saleh har cikin rai. Ashe girman da yake taƙama da shi na kunnuwansa ne, ba na halinsa ba. Ya ƙarasa askin, kuma a ranar ƙeyar Alhaji ta fi kullum karkacewa.

Yusra, wadda a lokacin ta fara aiki a wani asibiti, ta kawo masa 'yar na'urar ji da ake maƙalawa a kunne. Saleh yana cajin ta a bayan madubi, da wutar nan mai kawo sanƙo, ya saka, ya jawo hular sanyi ya rufe ko ana rana tsaka. Bai gaya wa kowa ba. Masu zuwa aski na nan suna zazzage cikinsu, shi kuma yanzu yana jin komai tas: wanda zai yi ritaya babu ko fili, wanda ɗansa ya daina ɗaukar wayarsa, da abin da likita ya faɗa wa Alhaji Manniru wanda ko iyalinsa ba su sani ba. Wani lokaci sai ya tsaya kamar yana goge kilifa.

Zulai ta gano hular ba ta sanyi ba ce. Ta lallaɓa, ta yi fushi, ta rage masa nama a miya, don ya ɗan gutsura mata ko labari ɗaya. Har yanzu ba ta samu ko kalma ba.