Kabewa a Jakar Moro

Rubuta sunanta daidai: Moro. Ƙanwata ce. Dankali take sayarwa a tashar motar Kundiawa shekara talatin ke nan, amma ba dankalin ne ya zaunar da ita wurin ba.

Tana da jariri a da, Siune, ɗan wata huɗu. Ran nan ta tafi gona da shi, ta saka shi a bilum, jakar igiyar nan da mata ke saƙawa, ta rataye a reshe bakin hanya, don can ne inuwa. Ta shiga haƙa. In ta ɗago kai sai ta hango jaka da nauyinta, hankalinta ya kwanta. Sau biyu ta zo ta lila jakar tana yi masa waƙa, ba ta leƙa ba, kada ya farka. Sai da nono ya cika har yana zuba ta sauke. Kabewa ce a ciki, an naɗe ta da zanen yaron.

Gari ya bazu nema. Aka ce an ga wata mace ta tare motar da ke zuwa garin Lae da jariri a hannu, ba jaka. Wace mace? Wace mota? Ba wanda ya kula. 'Yan sanda suka zo, suka jujjuya kabewar, suka tafi da ita.

Mijinta ko zagi bai yi ba. Tambaya ɗaya yake yi mata: "Har sau biyu, Moro?" Bayan shekara ya daina tambayar, ya daina maganar ma.

Tun daga nan take tasha. Duk macen da ta sauko daga mota da bilum sai Moro ta miƙe ta tare ta.

"'Yata, buɗe ki duba."

"Inna, yanzu fa na shayar da shi."

"Duba dai."

Direbobi su tsokane ta: "Inna kwastan, ga buhun kabeji, shi ma a buɗe?"

"Buɗe kanka tukuna, ɗan banza, mu ga ko akwai abu a ciki."

A bara na ce mata, "Moro, in Siune na raye ai ya yi gemu. Jarirai kike ta dubawa."

Ta ce, "Yaya, na sani. Mai gemun ne ban san fuskarsa ba. Wataƙila ma ya sayi dankali a hannuna ya wuce."

Sai ga motar Lae ta tsaya. Ta bar ni da dankalin, ta nufi ƙofar motar.