Yarinyar Japan ba ta iya shiƙa ba

"Ke, tsayar da shi!"

Inna, mahaifiyata, ce ta daka min tsawa yau da safe muna shan koko. Wani wasan kwaikwayo nake kallo a waya, irin wanda mutanen Japan ke nunawa a talabijin kullum safiya. Labarin wata 'yar ƙauye ne a shekarun 1960. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensu, kuma shekara biyu ke nan mantuwa ta kama ta, ko sunana sai an tuna mata.

Na tsayar. Yarinyar tana shiƙar shinkafa.

"Wa ya koya mata? Ta fuskanci iska, ai ƙaiƙayin a idonta zai ƙare! Miƙo min ƙwarya, Ladi."

Ladi fa ta ce, sunana ke nan. Ba wanda ya tuna mata.

Ta fita tsakar gida, ta ɗebi ƙasa ta saki don ta ga inda iska ta nufa, sannan ta juya gefe.

"Haka muke yi wa dawa a garin Ƙarfi, lokacin ina amarya."

Ƙwaryar ba komai a ciki, amma sai da ta shiƙe ta tas.

Gobe ma zan kunna mata. Allah Ya sa yarinyar ta sake yin kuskure.

Ku fa, me ke dawo muku da tsofaffinku?