Ludayin Gwamnati

Duk wanda ya san Gwaggo Asabe ya san ludayinta. Na ƙarfe ne, mai dogon hannu, ta ɗaura masa jan ƙyalle don kada ya saje da na mutane. An ba ta shi ne tare da manyan tukwane ranar da aka ɗauke ta aikin dafa wa 'yan firamaren ƙauyenmu abinci, can bayan Durba. Tun daga ranar bai kwana a makaranta ba. Da shi take zuwa biki, da shi take zuwa gaisuwa, a naɗe cikin mayafi. Har asibiti ta je da shi a Rano lokacin da aka duba mata ido. Ni Talatu, 'yar ƙanenta ce, tare muke aikin girkin, amma ban taɓa wanke ludayin nan ba. Ita take wanke abinta.

Wata rana mijinta, Baba Idi, ya dawo daga gona da ƙishirwa. Ga fura an dama, amma ba a ga ludayin gida ba.

Ya ce, "Asabe, ara mini naki in sha."

Ta ce, "Malam, wannan ludayin gwamnati ne. Aji nawa kake?"

"Ni da gidana?"

"Gidanka ne, ban musa ba. Aji nawa kake?"

Haka ya kafa kai a ƙwarya ya sha, fura har a gemu. Shekara da shekaru yana ba da labarin nan a majalisa, wai ya auri mace, gwamnati ta ƙwace.

Ku da 'ya'yanku suka ci daga hannunta kun san dokar ƙwai. Ranar da aka kawo ƙwai, yaro ba ya barin gabanta sai ya ɓare, ya cinye, ya buɗe baki ta leƙa. Ta lura ne wasu suna sakawa a aljihu su kai gida. Malam Ɗanjuma mai faci, wanda 'yarsa ta saba kai masa nata, shi ne ya zo har bakin murhu da ƙorafi.

"Gwaggo, yarinya ta ga dama ta kyautata wa ubanta, ina laifi?"

Gwaggo ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan tumbinsa.

"Ɗanjuma, an ce a ba yara ƙwai ne don su girma. Kai ina kuma za ka kai wannan?"

Ya tafi yana dariya yana cewa Allah ya isa. Yarinyar kuwa ta ci gaba da cin ƙwanta.

Gwaggo ba ta yi boko ba, amma jarrabawa take yi a bakin tukunya. Kafin ta zuba wa yaro sai ta tambaye shi, "Me aka koya yau?" In lissafi ne, ba mai cutarta. In Turanci ne, sai ta gyaɗa kai ta ce madalla. Da yaran suka gano haka, sai wasu suka riƙa zuba mata surutun da ba yaren kowa ba ne. Na ja ta gefe na ce, "Gwaggo, yaran nan fa shirme suke miki."

Ta ce, "Na sani. Amma kafin yaro ya iya Turancin ƙarya, ai sai ya zauna a aji ya ji yadda na gaskiya yake. Miƙo kwanon nan."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar hayaƙi. Makarantarmu tana kan tudu, ana hango ta daga rugar Ardo Buba da ƙananan unguwannin da ke kewaye. Yaran can sun saba, da safe sai su duba. In sun ga hayaƙi yana tashi daga madafa, sai su ɗauki jaka da kwano su taho. In babu, na ruga su bi shanu, na unguwanni su bi iyaye gona. Iyayen ma ba su da laifi, yaron da bai karya ba ba ya jin karatu.

To, akwai wani zango da kayan abinci suka daina zuwa. Ba mu san daga ina matsalar take ba, an dai ce mu jira. Murhu ya yi sanyi. Aji ya riƙa raguwa, har ta kai malami yana koyar da benci. Hedimasta ya damu ƙwarai, domin ya san in yaro ya saba da daji, dawo da shi aiki ne. Ya zo ya sami Gwaggo a gida.

"Gwaggo, ki taimaka ki riƙa hura wuta da safe, ko da ɗanyen kara ne. Hayaƙin kawai muke so su gani."

Ta ce, "Malam, yaro ya tako tun daga ruga ya tarar da tukunya wayam? Gobe in ka ce masa biyu da biyu huɗu ne, ba zai yarda ba. Ni hayaƙina ba ya ƙarya."

Mun ɗauka magana ta ƙare. Washegari sai ga ta da buhu a kafaɗa da ludayi a hannu, ta ce in biyo ta. Kaka ce, ana ta sussuka. Gida gida muka bi, kuma ba ta roƙon kowa. Sallama kawai take yi ta miƙa ludayin ta ce, "Cikinsa ɗaya." In an kawo kwano guda sai ta ƙi, wai kada mutum ya gaji da ita, domin jibi ma tana tafe. Wani ya ba da masara, wani wake, wata kuka da daddawa. Ardo Buba ya ce shi ba ya auna nono da ludayi, ya sa aka riƙa kawo ƙwarya. Da muka isa wurin Malam Ɗanjuma, tun daga nesa ya ce, "Na san abin da ya kawo ki."

Ta ce, "Kai naka biyu ne. Akwai ƙwai a cikinka."

Gidan ƙarshe nata ne. Baba Idi ya fito ya tarar da ita a bakin rumbunsa.

"Asabe, ludayin da ya ƙi shiga furata, shi ne yau a rumbuna?"

"Gwamnati ce ta kawo maka ziyara, Malam. Matsa."

Da safe muka ɗora fate. Hayaƙi ya tashi. Ina tsaye na hango yara suna haurowa ta hanyar ruga, manya riƙe da hannun ƙanana, kwanuka suna ƙara. Gwaggo ba ta ko ɗaga kai ba, cewa ta yi in ƙara itace. Haka muka yi har kayan suka dawo, kuma ba yaron da ya koma daji.

Da ciwon ajali ya zo mata, bai daɗe ba. Tana kwance ma, in na shigo da safe, tambayar farko ita ce, "Talatu, an ga hayaƙi?" Ranar da ta ji jikin ya yi nauyi, ta zaro ludayin daga ƙarƙashin matashi ta ba ni. Ba ta ce komai ba sai, "Ki riƙa wanke shi da kanki."

Bayan an share makoki na koma bakin murhu. Ina cikin rabo sai ga Baba Idi da ƙunshin itace a ka, ya sauke ya tsaya yana kallon layin yara. Ya rame. Na san tun rasuwar ba ya cin abin kirki. Na ɗauki kwano na cika ludayin da shinkafa da wake, na ce, "Baba, karɓi ka taɓa."

Ya dubi ludayin ya daɗe. Sannan ya girgiza kai.

"Talatu, aji nawa nake?"

Ya juya ya tafi yana goge ido da hannun riga. Ni kuma na zuba wa yarinyar da ke gaba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta. Yadda ba ta bar yaro ya koma da kwano wayam ba, Allah kada ya bar ta ta je gabansa hannu wayam. Amin.