Layukan da Dakta Yohanna Yake Nunawa

Cikin duk shekarun da na yi ina kula da ɗakin gwaji na sashen fiziks, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Laraba da damina. Ku sababbin ma'aikata, ku ba ni kunnenku. Aikina a lokacin shi ne in shirya kayan gwaji tsaf kafin malami ya shigo.

Ranar Dakta Yohanna ne, babban malami a sashenmu, zai fara koya wa 'yan aji uku kimiyyar kwantam, wato ilimin halin ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani. Gwajin ba wuya. Ana haska fitilar leza ta cikin tsaga biyu sirara kamar gashi. In duka a buɗe suke, layukan haske da duhu za su jeru a bango. In an toshe ɗaya, jan tabo kawai za a gani.

To, ruwa ya tsare ni a Ƙofar Wambai, keke ya yi wuya, na iso Yelwa a jiƙe sharkaf. Garin sauri na manta da ɗan salatif ɗin da na toshe tsaga ɗaya da shi tun jiya.

Muka ja labule. Ɗaki ya yi duhu, yayyafi na sauka a kan kwano a hankali. Dakta ya fara da muryar nan tasa mai sanyi: "Ƙwayar haske guda, in ba a sa mata ido ba, sai ka ce ƙofa biyu ta bi lokaci ɗaya. Da zarar an auna wadda ta bi, layukan sun ɓace. A nan masana suka rabu. Wasu sun ce abu ba shi da tsayayyen hali sai an auna shi. Wasu sun ce duk abin da zai yiwu yana faruwa, duniya ce ke rabuwa kamar rassan bishiya. Wasu kuma sun ce ƙofa ɗaya ta bi, wani ɓoyayyen motsi ne ke yi mata jagora." Wallahi ni kaina na lula, ina tunanin wani ni ɗin, wani Sale can a wata duniyar, wanda bai taɓa barin gonar babansa a Gubi ba.

Sai ya nuna bango ya ce, "Ga layukan nan, ku ƙirga."

Babu layi ko ɗaya! Sai na tuna da salatif ɗin. Ɗalibai suka shiga kallon juna. Nan na gane idon Dakta ya tafi. Saura wata huɗu ya yi ritaya, kuma in maganar ta kai ofishin shugaban sashe, za a karɓe ajin daga hannunsa.

Na yi gyaran murya na ce, "Dakta, ka riga ni. Har yanzu tsaga ɗaya a toshe take, yadda muka saba farawa. In buɗe?" Allah ya yafe mini, ba mu taɓa farawa haka ba.

Ya sauke hannunsa. "Buɗe, Malam Sale."

Na ɓare salatif. Layuka suka bazu jajur a bango, yara suka ce, "Kai!" Kowa ya manta da abin da ya wuce.

Da aji ya watse, ya zauna a duhun bai ce a buɗe labule ba. "Guda nawa ne yau?"

"Tara, Dakta."

"Shekara biyu rabona da su. Da ka nake nuna su."

Sai na tambaye shi wane ra'ayi yake bi cikin ukun. Ya yi murmushi. "Da can na farko. Yanzu na biyun nake so, ko akwai inda har yanzu nake ganinsu." Ban ɓoye muku ba, na yi hawaye.

Daga ranar har ya ajiye aiki, kafin ya nuna bango sai in faɗi abin da ke kai da ƙarfi, kamar da ɗalibai nake. Ba wanda ya gane.

Saboda haka ku duba kayanku sau biyu kafin aji ya shigo. Ku kuma riƙa duba mutumin da kuke yi wa aiki, don na yi shekara biyu ina goge masa gilashin gwaji kullum, ban taɓa kallon idonsa ba.