Motar Lantarkin da Na Ce Baba Ya Jira

Assalamu alaikum. Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a Kudan da iyalina, ina da shagon taki da maganin feshi da irin shuka. Sana'ar ba ta zama wuri ɗaya ba ce. Yau ina Makarfi wajen masu rake, gobe ina Gazara, jibi wani manomin tumatir ya kira ni daga Ikara ya ce tsutsa ta faɗa masa gona, in zo in gani da idona. Iyayenmu suna ƙauyenmu na gefen Paki tare da ƙanena, amma duk wata babbar shawara ta gidan ni ake jira. Kuma in faɗi gaskiya, ni mutum ne mai son a ce shi ya fara. Idan sabon abu ya fito, ba na samun natsuwa sai an gan shi a hannuna.

Da man fetur ya yi tsada, tsohuwar motata ta koma zaman ƙofar gida, ni kuma na koma kallon motocin lantarki a waya. Sabuwa ta fi ƙarfina, sai aka haɗa ni da wani dillali a Kaduna da ke da ta hannu, 'yar ƙarama fara, farashinta daidai da aljihuna. Na tafi da wani abokina mai aikin haɗa sola. Da aka tayar da ita ban ji ƙara ba ko kaɗan, muka zaga unguwa kamar muna tafiya a kan tabarma, nan take zuciyata ta gama saye. Abokina ya ja ni gefe ya ce wannan mota batir ne ranta, kuma ta kwana biyu a duniya, in bari a kai ta wajen mai na'urar gwaji a ga abin da ya rage a cikinsa. Mai gwajin ya yi tafiya, sai wani mako. Dillalin bai hana ba, ya dai ce akwai wani mai zuwa ganinta. Na kasa haƙurin mako guda. Na sayar da tsohuwar, aka ɗoro mini ta lantarkin a bayan wata babbar mota har Kudan, ban ma tsaya na tambayi kaina dalilin da ya sa ba a tuƙo ta ba.

Makon farko na sha kallo. Duk inda na tsaya sai an kewaye ni, ana tambaya ina tankinta, ni kuma ina ta bayani kamar ni na ƙera ta. Ba a jima ba na gane halinta. Allon da ke gaban direba yana nuna nisan da cajin zai kai mutum, amma nata allon ba ya faɗin gaskiya. Daga cike zuwa rabi tana tafiya lafiya, da ta sauka ƙasa da rabi sai lambar ta riƙa zubewa kamar buhun da ya huje. Sau biyu ta tsaya mini a kusa da Makarfi, sau biyun kuma na ce wa mutane wani ɗan waya ne ya kwance. Ga matsalar wuta. Kafin ta cika daga soket ɗin gida sai a yini, mu kuwa wutarmu ba ta yini. Na zama mutumin da kunnensa ke kan fanka, ko ina cin abinci, da na ji ta motsa sai in tashi da gudu in jona. Wani lokaci in lallaɓa wajen mai janareta in sayi man da na gudu dominsa a yi mini caji, a ɓoye. Matata ta lura. Ta ce in bar motar ga zirga-zirgar cikin gari, in daina shiga daji da ita, kuma in faɗa wa 'yan'uwana gaskiya don kada su dogara da ita. Na ce mata ba ta san kan mota ba.

Ranar da ba na mantawa, da damina ce, kwana uku ba mu ga wuta ba. Ina buɗe shago da hantsi ƙanena ya kira. Ya ce Baba ya faɗi a zaure yana shirin fita gona, bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya motsi, magana ba ta fita. Ya ce maƙwabcinmu mai a-kori-kura yana shirin tafiya Ikara da kaya, ya yarda ya ɗauke su yanzu.

"Yaya, in sa shi mu wuce?"

"A kan buhuna za ka kwantar da Baba? Ku jira ni, ga ni nan zuwa da mota."

Na faɗi haka ina sane da cewa cajin kaɗan ya haura rabi. Na ce wa kaina zai isa idan na bi a hankali. Amma akwai wani abu a ƙasan zuciyata da sai daga baya na iya kallonsa: ina so mutanen ƙauyenmu su ga cewa motar nan da wasu ke yi wa dariya ita ta kai Baba asibiti.

Na kashe esi, na sauke gilasai, ina tafiya ido ɗaya a kan titi ɗaya a kan allo. Har Makarfi ba laifi. Da na wuce na kama hanyar gida, inda ruwa ya cinye titi, ga taɓo ga ramuka, sai lambar ta fara zubewa. Ina salati, ina gumi, ina lissafin da na san ba zai fita ba. Can sai wani ɗan hoton kunkuru ya fito a allon, motar ta koma rarrafe, ta ƙara 'yar tafiya, ta tsaya cak tsakanin gonakin masara da dawa. Wani bawan Allah mai babur ya tsaya ya ce in ba shi galan ya sawo mini mai. Na ce ba ta shan mai. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce to me take sha? A nan ƙanena ya kira, na ce na kusa. Na kashe motar na sake tayarwa, na jira ta huce kamar yadda nake yi wa tsohuwar, ba abin da ya canza. Ya sake kira, na sake cewa na kusa. Sai a kira na uku na faɗa masa gaskiya, ya ce mai a-kori-kura ya gaji da jira ya tafi tun ɗazu.

Wani manomi ya ɗaura wa motar igiya, shanun huɗarsa suka ja ta zuwa ƙofar gidansa, ni kuma na hau bayan mai babur ɗin. Ban isa gida ba sai bayan azahar. Na tarar ƙanena ya bi ƙauyuka da ƙafa har ya samo wata motar haya, ana ƙoƙarin shigar da Baba, Inna tana riƙe da hularsa tana kuka mara sauti. Muka kai shi asibitin Ikara, daga can aka tura mu Zariya, muka isa la'asar ta wuce. Likita ya tambayi lokacin da abin ya fara. Ƙanena ya ce da hantsi. Likitan ya dubi agogonsa, ya ce irin wannan ciwo ba ya son jinkiri. Ni kuma ban tambaye shi ko da mun zo da wuri da abin ya zo da sauƙi ba, domin ina tsoron amsar.

Allah ya tashi kafaɗar Baba, magana ta dawo a hankali, amma hannu da ƙafar dama ba su dawo ba. Ƙanena bai taɓa tayar mini da zancen ba, bai kuma faɗa wa Inna ba, ya dai rage fara'a da ni. Watanni na yi ba natsuwa. Ina cikin auna wa mutum taki sai in manta mudu nawa na zuba. Bayan kaka, wata Juma'a ina zaune a zaure ina shafa wa Baba man zafi a hannun, na kasa riƙewa. Na faɗa masa komai, tun daga gwajin da na ƙi jira har ƙaryar da na yi a waya. Sai ya ce, da harshensa mai nauyi, ai ya sani. A kwancen da yake ran nan kunnensa yana ji, ya ji ƙanena yana ce wa maƙwabci Yaya ya ce a jira, ya so ya ce a ɗora shi a kan buhunan, harshe ya ƙi.

"Na yafe maka," in ji shi. "Ciwo na Allah ne. Amma ka je ka ba ƙaninka haƙuri. Shi ka bari da ni a hannu."

Na je na ba shi. Daga baya na kai motar aka gwada, aka ce ƙarfin batirin bai kai rabin na asali ba. Tana nan har yau, ba ta wuce cikin gari.

Ba ina cewa motar lantarki ba ta da kyau ba, wataƙila nan gaba ita za mu hau duka. Amma duk mai son sayen ta hannu, kada ya biya sai an gwada batirin a gabansa, ya tuƙa ta da kansa tafiya mai nisa har cajin ya sauka, ya kuma dubi wutar garinsu da hanyoyin da yake bi. In kuwa ya riga ya saya ya ga aibinta, ya faɗa wa iyalinsa, kada kunyar mutane ta sa ya ɓoye. Sama da duka, idan aka kira ku mutum ya faɗi, ku ce a tafi da shi a duk abin da ke kusa, ko amalanke ne, ku tarar da su a can. Na yi imani da ƙaddara, na kuma san an yafe mini. Duk da haka, idan baƙi suka zo na ga Baba yana kai loma baki da hannun hagu, yana ba su haƙuri a kan haka, sai in tashi in fita waje.