Ƙanen Maƙeri Ya Tashi Sau Uku

"Tun da aka kawo manhajar kwamfuta wannan tebur, babu wanda ya taɓa manta danginsa." Lauya ne ya faɗi haka, a tsaye, hannu a ƙirji. Shi ke jan labari a wasan da mutum shida masu furfura suke yi duk Asabar a ɗakin baya na wani shagon littattafai: kowa da ɗan wasansa na ƙage, Lauya ya faɗi abin da ya auku, a jefa ɗan lido ya yanke hukunci. Shekara goma sha ɗaya ana yi, har mutanen ƙagen sun hayayyafa sun kusa ɗari huɗu.

Anti Rajista ba ta musa masa ba. Ita ke riƙe da kwamfutar.

Takan iso rabin awa kafin kowa. Ta goge tebur, ta cusa takarda ƙarƙashin ƙafar da ke rawa, ta lallashi kwamfutar har ta farka, sannan ta shigar da abin da ya faru makon jiya: wa ya auri wa, wa ya haifi wa, wa zai gaji takobi idan an kashe mai shi. Shekara talatin ta yi a ofishin rajistar haihuwa, ba a taɓa dawo mata da takarda don gyara ba. Da wannan kaɗai take taƙama a duniya, kuma ba ta ɓoyewa. Lokacin da ɗan wasan Mai Kemis ya so auren wata gimbiya, ita ta ɗago ta shaida masa cewa gwaggonsa ce. Mai Kemis ya ce shi bai ga laifi ba tunda ba a taɓa gabatar da su ba. Ta ce ya je ya gaishe ta da ladabi.

Bayan shigar da bayanai akwai wani aiki da manhaja ba ta san da shi ba. Takan rubuta kati da manyan baƙaƙe: sunan matar Maƙeri, 'ya'yansa uku, surukinsa da ba sa ga maciji. Ta sa ƙarƙashin kofin Baba Direba.

Maƙeri ɗan wasan Baba Direba ne. Baba ya yi shekara arba'in a kan sitiyari bai taɓa tambayar hanya ba, amma shekara biyu ke nan abubuwa suna zube masa daga ƙwaƙwalwa. Matarsa ta gaya wa Anti a bakin ƙofa cewa Asabar ce kaɗai ranar da yake aske gemu ba a ce masa ba, kuma ya rantse ranar da ya ji kunya a teburin nan ba zai sake zuwa ba.

Ranar ta zo. Ana tsakiyar yaƙi, Baba ya ce a kira masa ƙanensa ya tsare masa baya. Ƙanen Maƙeri kuwa ya faɗa daga gada shekara bakwai da suka wuce, har an yi masa makoki a teburin. Baba ya dubi fuskoki, ya fara laluben hularsa.

Anti ta danna wani abu sau biyu, ta juyo da kwamfutar.

"Ku gafarce ni, ni na rubuta ya mutu," in ji ta. "Ashe suma ya yi. Baba, ga ƙanenka nan."

Kowa ya gane, ban da Baba da Lauya. Lauya da bakinsa ya jefa mutumin daga gada, amma tsakanin ƙwaƙwalwarsa da allon kwamfuta, allon ya gaskata. Ya ja tsaki, ya ce a riƙa kula. Bayan wata biyu ya sake kashe ƙanen, don labari ya yi armashi. Anti ta sake tayar da shi. Ya ƙara kashewa, ta ƙara tayarwa: sau uku ke nan yanzu. Mai Kemis ya ce ko kyanwa mai rai tara ta sallama masa.

Anti, ke ce mai alƙalamin da bai taɓa karkata ba, kika karkata shi da hannunki don kada dattijo ya sunkuyar da kai. Ke kika mayar da suruki ɗan'uwa, kika ƙara wa Maƙeri 'ya ta huɗu ranar da Baba ya kira sunan 'yarsa ta gaske. Mu sauran 'yan teburin mun gani, mun yi shiru, mun gode. Wanda ke riƙe wa mutane rajista, a ofis ko a gida, ya koya daga gare ki wace ranar ake bin takarda, wace ranar ake bin mutum. Asirin kuma ba zai tonu ta wannan rubutu ba: Lauya ba ya karanta abin da ba shi ya rubuta ba.

Asabar da ta wuce ce ranarta ta ƙarshe. Ido ya yi rauni, ɗanta zai ɗauke ta ta koma wurinsa, Mai Kemis zai gaji kwamfutar da katin. Lauya ya zo da jawabi. Ya yabi haƙurinta, sannan ya zaro takarda: ya binciki manhajar, ya samu gyare-gyare talatin da tara cikin shekara biyu, dukansu daga hannunta. Na'ura ba ta kuskure, in ji shi, sai dai ɗan Adam, musamman idan girma ya kama shi. Ya nemi ta sa hannu don tarihi.

Baba Direba ya dafa kujerarta, ya ce kada ta damu, kowa yana mantuwa.

Ta sa tabarau, ta bi layukan da yatsa har ƙasa.

"Arba'in ne, Lauya. Ka tsallake ɗaya."

Ta gyara masa lambar, ta sa hannu, sannan ta matsar da kofin Baba kaɗan don katin ya fito sosai.